Yawun da Ban Haɗiye Ba

Duk wanda ya ci dabinon Dutse cikin shekaru hamsin ɗin nan, in ya bi sawu da kyau, zai tarar da hannuna a ciki. Ni ne Barau mai auren dabino. Boko ban leƙa ba, allo ma ƙananan surori na samu na gudu, amma ka kai ni gindin dabino ka rufe min ido, da tafin hannu zan gaya maka namiji ne ko mace.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. In sanyi ya shigo, macen dabino tana fitar da kwasfa a tsakanin rassanta. Kwasfar ta tsage, fure ya leƙo. Sai a hau namiji a yanko nasa furen mai farin gari, a hau macen, a cusa sili uku ko huɗu cikin kowane nono, wato curin furen macen, a ɗaure. Shi ne auren. In ta tsage aka bar ta kwanaki ba a hau ba, shekarar ta tafi, 'ya'yan da za ta yi ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Mutuwa kuwa ta san ƙofar gidana, sau uku tana sallama ina cewa ba na nan. Agana ta kama mu mu huɗu a ɗakin uwata, ni kaɗai na tashi, ga zanenta nan a fuskata. Kumurci ya sare ni a kan dabino, sai da na jeho shi ƙasa sannan na sauko. Motar itace ta kife da mu a hanyar Jahun, gawa tara aka jera, da ni cikin masu jerawar. Amma abin da ya fara kai ni ƙasa, kurɓin fura ne.

Bara da damina na dawo daga gona, na ɗaga ƙwarya mai sanyi na kurɓa. Sai na ji kamar an gasa ƙayar dabino a wuta an soka min a gindin harshe ta hagu, ta ɓulla cikin kunne. Kafin in ajiye ƙwaryar duniya ta yi baƙi. Na farka a ƙasa, fura a gemu. Bayan mako guda ya sake yi min wajen kurkurar baki, ina alwalar la'asar a gaban mutane. Na uku a kasuwar Shuwarin, tari kawai na yi. Da abin ya yawaita har na auna shi: daga sukar zuwa duhun, Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce, in mutum ya yi sauri.

Na sha rubutu, an yi min hayaƙi. Wanzami ya leƙa maƙogwarona ya ce beli ne, na ce masa belina tun ina cikin tsumma ubansa ya cire. Loma ta zama abin tsoro, na rame. Magana ma sai na auna, ni da in na fara labari a majalisa sai kiran salla ke tsayar da ni.

Na'ima, 'yata da ke aure a Limawa, ita ta zo da adaidaita ta ce in ban shiga ba za ta zauna a zaurena har mijinta ya biyo sawu. Na shiga.

Zuwanmu na uku asibiti aka kai ni gun wata likita, Dokta Ruwaida, wadda a haife na yi jika da ita. Ta kwantar da ni, ta manna min wayoyin wata na'ura a ƙirji, ta ba ni ruwan sanyi ta ce in sha. Na sha, abin ya zo, na tafi. Da na dawo na same ta riƙe da wata doguwar takarda da na'urar ta fitar.

"Baba," in ji ta, "akwai jijiyar da ta sauko daga kai, ta bi ta wuya gefen maƙogwaro, ta gangara har zuciya da ciki. Ita ce linzamin zuciya, ita ke ce mata rage gudu. Taka, da maƙwabciyarta ta gindin harshe, sun zama kamar wayar wuta da ta goge. Ka haɗiyi abu, ko ka yi tari, sai su yi tartsatsi. Shi ne sukar da kake ji. Sai linzamin ya fizgu da ƙarfi, zuciya ta kusa tsayawa, jini ya kasa hawa kai, ka faɗi."

Na ce, "To a yanke ta mana a huta."

"Ba mu kai nan ba. Akwai ƙwayar da ke kwantar da tartsatsin. Sai dai gara ka ji daga bakina, ita ce ake ba masu farfaɗiya."

Na miƙe zaune har wayoyin suka zazzube. "Yarinya, dube ni da kyau. A zuriyar Barau ba a taɓa yin mai farfaɗiya ba."

"Kai ma ba ka da ita, Baba. Jakin da ya kai taki gona ai shi ke dawowa da dawa. Jakin ɗaya ne, kayan ne daban."

Wannan magana ta shige ni, don ban zaci 'yar boko ta san jaki ba. Ta ce in fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa, safe da yamma. In na ga ƙuraje a jiki in dawo a ranar. Kada in daina ko da ciwon ya ɓace. Kada in hau ko katanga sai ta ce.

Mako biyu na farko jiri na yi ta yi kamar wanda ya sauko daga lilo. Daga nan sukar ta ragu, ta ɓace. Na koma cin ƙanzo, na koma ba da labari. Wata huɗu cur ko tsinke bai taɓa maƙogwarona ba.

A unguwarmu muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Lado, mu bakwai, a ci na wannan a koma na wancan, moɗa ɗaya ke zagayawa. Lado taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, tun muna yara ba mu da aiki sai tsokanar juna. Ran nan na sa hannu aljihu zan ciro goro, kwalin maganin ya biyo hannuna ya faɗi kan tabarma. Lado ya riga ni ɗauka. Ya haska shi da fitilar wayarsa ya juya.

"Kai, bawana, me ya haɗa ka da wannan? Irinsa ne sak ƙanin matata na Jahun yake sha, wanda ya faɗa murhu bara." Ya yi dariya. "Ashe shi ya sa ka yi ta shure-shure ranar alwala."

Wasa yake, na san wasa yake. Amma ba wanda ya taya shi dariyar. Na ce musu jijiya ce, na kawo zancen wayar wuta, na kawo na jaki. Suka ce haka ne, Allah ya ƙara sauƙi. Moɗa na hannun na kusa da ni. Ya sha, ya miƙa ta ta bayana ga na gaba.

A wajenmu an ɗauka yawun mai farfaɗiya shi ke yaɗa ta. Likita ta riga ta gaya wa Na'ima a gabana cewa ba gaskiya ba ne, ko ga masu ita ɗin, amma likita ba ta zama a ƙofar gidan Lado. Washegari na tarar an ajiye min kofin roba shuɗi, sabo fil, ni kaɗai. Kwanona ya koma gida kamar yadda ya fito, ba wanda ya sa hannu. Lado ya kasa kallona. A masallaci butar da na taɓa sai ta kwana a inda na ajiye ta.

Ana cikin haka Alhaji Misbahu ya aiko. Shi ke da garkar dabinon da ke bayan duwatsu, tun zamanin ubansa ni ke yi wa dabinonsu aure. Ya ce bana in huta, ya samo samari daga Kiyawa. Samarin suka hau bishiyoyin duka, ban da guda. Akwai wata tsohuwar macen dabino a ƙarshen garkar, ta fi hasumiyar masallacinmu tsawo, ta karkata kan wasu manyan duwatsu, tsakiyarta kuma ta yi sulɓi don gindin rassan da ake takawa duk sun zube. Samarin suka kalle ta suka ce suna da iyaye. Kwasfa bakwai ta tsaga a makon nan.

Na zauna na yi lissafina. Mai farfaɗiya ba ya hawa dabino, kowa ya san wannan. In na hau ta a gabansu na sauko, magana ta ƙare. Saura ƙwaya. Na san wani zai ce ai magani ne ya riƙe shi, kuma ni ba na rantsuwa kan ƙarya. Ina so in an tambaye ni in dafa Alƙur'ani in ce ba na shan komai, ya zama gaskiya na faɗa. Na tura kwalin cikin rufin ɗaki.

Kullum da safe Na'ima na kirana a waya. "Baba, an sha?"

"An sha." Ga 'yata na iya ƙaryar, don ba ta ce in rantse ba.

Kwana biyu lafiya lau, har na ce ashe dama na warke. Rana ta uku ina cin tuwo na ji ɗan tsinke a gindin harshe, kamar tururuwa ta ciza ta saki. Rana ta huɗu sau biyu. Rana ta biyar bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar masallaci na ce duk mai son ganin mai farfaɗiya a kan dabino ya same ni garkar Alhaji da hantsi.

Mutum ya fi arba'in. Alhaji Misbahu ya ce shi bai sa ni ba, kowa ya shaida. Na ce an shaida. Lado ya matso da igiya a kafaɗa, sabuwa, ta rijiya.

"Ɗaura wannan a ƙugu."

"Yaushe ka taɓa ganina da igiya? Akuya ce ni?"

"Barau, bakina ne ya jawo. Zage ni a gaban kowa, na yarda. Amma ka ɗaura."

"Riƙe abarka, ka ɗaure bakin da ita."

Na tuɓe riga, na rataya jakar furen namiji a baya, wuƙa a ƙugu, na yi bismilla na kama. Shekara saba'in da ɗoriya, amma wallahi ƙafafuna ba su manta ko taki ɗaya ba. Wajen sulɓin na rungume ta da ƙirji da cinya, ina ja kaɗan-kaɗan yadda ubana ya koya min. Na ji surutun ƙasa ya mutu. Da na kai rassan na sare ƙayoyin da ke hanyata, na haye na zauna a tsakiya. Daga nan Dutse duka a tafin hannuna take. Na leƙo na ɗaga musu hannu.

Nono na farko na buɗe, na cusa sili, na ɗaure. Na biyu haka. Na uku haka. Na huɗu yana can ciki, sai da hannu biyu za a buɗe shi. Sai na yi abin da na saba yi shekara hamsin ba tare da tunani ba, na sa silin furen a baki na riƙe da haƙora. Na ja numfashi. Garin ya bi iska ya sauka a maƙogwarona.

Na danne tarin sau ɗaya, na danne sau biyu. Na uku ya fi ƙarfina.

Ƙayar wutar ta shiga gindin harshe ta ɓulla kunne, irin wadda ban taɓa ji ba. Na san abin da ya rage min, Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya. Ƙarƙashina duwatsu ne. Ta hagu akwai rassa biyu da suka haɗu a gindi, ban sare ƙayarsu ba, kowace ta kai tsawon yatsa. Na cusa hannuna tsakaninsu har kafaɗa, na ji ƙayoyin suna shiga ɗaya bayan ɗaya, na murɗa hannun don ya maƙale. Na wurga cinya kan wani reshe. Ban kai Lam yalid ba hasken ya ɗauke.

Da na dawo, hulata ba ta kaina. Rabin jikina na lilo a waje, hannun nan kaɗai da cinya ke riƙe da ni. Jini na bin haƙarƙarina. Daga ƙasa salati ke tashi, na ji wani yana cewa, "Kun ga ƙafar tana shure-shure? Ita ce, wallahi ita ce."

Bakina ya cika da yawu. Maƙogwaro ya motsa zai haɗiye da kansa, na tsayar da shi da ƙyar. Nan na gane inda nake. Jijiyar ta farka, kuma ba ƙwaya a jikina da za ta lallashe ta. Haɗiya ɗaya, tari ɗaya, ko kalma ɗaya, za ta sake fizgar linzamin. A nan sama ƙaya ta riƙe ni. A jikin sulɓin can ba abin da zai riƙe ni.

Na ja jikina na koma tsakiya, na zauna ban zare hannun ba. Ban san iya zaman da na yi ba. Ana ta kirana, ban amsa ba. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce motarsu ba za ta ratsa duwatsun nan ba. Aka ce samarin Kiyawa su hau da igiya, aka nemi samarin aka rasa. Can na ji ƙarar adaidaita, sai muryar Na'ima. Ashe Lado ya kira ta.

"Baba, kada ka amsa min. In kana jina ɗaga hannu."

Na ɗaga.

"Ka sha maganin yau?"

Na bar hannun a ƙasa.

"Jiya fa?"

Ban ɗaga ba.  Da ta sake magana muryarta ba ta rawa, irin ta uwarta ce, Allah ya jiƙanta.

"To, Baba. Kada ka yi magana, kada ka yi tari, kada ka haɗiyi komai. In za ka iya zama, zauna a nemo tsani."

Zaman ba zai yiwu ba. Yatsun hannun hagu sun fara mutuwa, in suka gama mutuwa ba ni da abin rungumar bishiya. Iskar sanyi na shiga hancina tana taɓa wurin. Na zare hannun a hankali, wasu ƙayoyin suka fita, wasu suka karye a ciki. Na juya baya, na nemi matakin farko da yatsan ƙafa.

Na sauko kamar gaba biyu kumatuna suka cika tam. Na ce bari in tofar. Harshe na motsawa sai tsinken ya ɗan taɓa ni, gargaɗi. Na manne da bishiyar na jira, duhu bai zo ba. To, tofarwa ba ta yiwuwa, haɗiya ba ta yiwuwa, riƙewa ta ƙare. Hanya ɗaya ta rage, in sunkuyar da kai in saki baki ya zuba da kansa.

Na leƙa ƙasa. Fuskoki arba'in duk sun ɗago, wasu samari sun saita wayoyi. Abin da na hau don in ƙaryata, shi zan nuna musu da bakina, a gemuna, da rana tsaka. Wallahi sai da na yi shawara. Zuciya ta ce, haɗiye, Barau, wataƙila wannan karon ba zai zo ba, ka sauka da mutuncinka. Kuma wataƙila ɗin gaskiya ne, ba kowace haɗiya ke tayar da shi ba. Na dubi duwatsun. Na dubi Na'ima, ta tsaya daidai inda zan faɗo, ta ƙi matsawa.

Na sunkuyar da kai na saki baki.

Ya zubo ta gemu, ya bi ƙirji, ya yi igiya ya sauka. Na ji mutane sun ja da baya gaba ɗaya, har wani ya faɗi kan wani. Ban sake kallonsu ba. Taki ɗaya, in tsaya, in ja numfashi ta hanci a hankali. Taki ɗaya, in tsaya.

Sai sulɓin. Wajen hawa ƙirjina a bushe yake, yanzu jini da yawu sun jiƙa shi, bishiyar ta zama kamar tarwaɗa. Na rungume da hannun dama, na hagun na ɗora shi kawai don ba ya jin umarni. Na saki cinya kaɗan, na zame taƙi guda, na matse. Na sake. A karo na huɗu na zame fiye da yadda na so, haɓata ta bugi itacen, haƙora suka haɗu. Maƙogwaro ya motsa. Na ji ƙaiƙayin tari na tasowa daga ƙasan wuya, sauran garin nan. Na manna goshi a jikin bishiyar na buɗe baki iyakar buɗewa kamar kare a rana, hawaye na zuba don dannewa.  Na ce a zuci, ya Allah, ba don halina ba. Ƙaiƙayin ya tsaya a inda yake, bai hau ba, bai sauka ba. Da shi a wuya na ci gaba.

Da yatsan ƙafata ya taɓa gindin reshe na farko a ƙasan sulɓin, na san saura gaba uku. Ban yi gaggawa ba, don na ga waɗanda suka karye a faɗuwar gaba guda tak. Ƙafata na taɓa ƙasa na kwanta a gefe, na bar tarin ya fito. Sukar ta zo, duhun ya biyo, amma wannan karon ba inda zan faɗa.

Na farfaɗo kaina a cinyar Na'ima. Mutane sun yi zobe daga nesa. Lado kaɗai ya durƙusa, yana goge min gemu da hannun rigarsa.

"Malam Lado, yawun fa," in ji wani daga baya.

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Maimakon surutu kawo adaidaitar nan kusa." Ya sunkuyo kunnena. "Tsohon banza. Ka ga da ka mutu da wa zan riƙa zagi?"

Na ɗaga yatsu uku in nuna wa Alhaji Misbahu nonon da na gama, don ya san aikina ba ya tashi a banza. Na'ima ta kama hannun ta mayar ƙasa.

A asibiti sai da aka ciro ƙaya goma sha ɗaya daga hannuna. Dokta Ruwaida ta zo ta tsaya a kaina. Na'ima ta gaya mata komai, har da shelar da na yi a ƙofar masallaci, don Lado ya fesa mata a hanya. Na jira faɗa. Ba ta yi ba.

"Kwana nawa ba ka sha ba? Nuna min da yatsu."

Na nuna biyar.

"Za mu koma farko, kaɗan-kaɗan, kuma a nan za ka kwana har ta kama. In ƙwayar ta gaza akwai wata, in duk suka gaza akwai aiki. Amma sai ta shiga ciki, Baba. Sai ka haɗiye."

Tun saukowata ban haɗiyi komai ba, ƙwarya aka ajiye min a gefen fuska don yawu. Na dubi 'yar ƙwayar a tafin hannunta, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na girgiza kai. Ni da na hau abin da samari suka gudu, sai ga shi ina tsoron kurɓi ɗaya.

Ta sa aka mayar min da wayoyin a ƙirji, aka sa min allurar ruwa a hannu, ta ajiye wata allurar a kusa ta ce ko da zuciyar ta yi nawa. Ta fesa min wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, wurin ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Aka kawo ruwa mai ɗumi. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna.

"Kana kwance, ina nan. In ya zo ma za mu dawo da kai. Bismilla."

Na'ima ta tallafo kaina. Na sa ƙwayar a harshe, na kurɓa, na rufe ido na haɗiye. Na fara Ƙulhuwallahu a zuci. Na kai ƙarshe. Na sake wata ƙafar, na kai ƙarshe. Na buɗe ido, fankar silin na nan tana juyawa, Lado na bakin ƙofa ya cire hula ya matse ta a hannu.

"Feshin ne ya taimake ka yanzu," in ji likita. "Ƙwayar sai ta kwana biyu kafin ta karɓi aikin. Da yamma akwai wata."

Na yi mata alama ta matso. A hankali, kalma ɗaya-ɗaya, na ce, "Saura nono huɗu a sama."

"Su bushe," in ji Na'ima. Ta ciro kwalin maganin daga jakar hannunta, sabo, ta ajiye a kan akwatin gefen gado inda duk mai shigowa dubiya zai gani. Na kai hannu zan tura shi ƙarƙashin matashi. Ta dube ni. Na janye hannun.